Labarin Samarin Jamus Da Suka Sassaƙa Hoto A Katako

Ku 'yan makaranta, kowa daga cikinku ya san hatimi. In an shafa masa tawada aka danna a takarda, sai abin da ya yi tudu ya fito baƙi, wurin da aka ƙwaƙule kuwa ya zauna fari. To, akwai wata sana'a ta yin hoto wadda asalinta ke nan, sai dai hatiminta katako ne, girmansa ya kan kai na allo ko ya fi. Yau labarin wannan sana'a za mu ba ku, da na waɗansu samari na ƙasar Jamus waɗanda suka tarad da ita ta kusa mutuwa, suka tashe ta. Dalili kuwa, suna da wata magana da su ke so su faɗa game da ɗan Adam da matsayinsa a tsakanin itatuwa da ruwa, sun kuwa ga ba abin da zai faɗe ta sosai kamar wuƙa da katako.

Yadda A Ke Yi

Mai sana'ar ya kan nemi katako shimfiɗaɗɗe, ya goge shi, ya zana abin da ya ke so a kansa. Sa'an nan ya ɗauki wuƙa da waɗansu 'yan ƙarafa masu kaifi, ya yi ta ƙwaƙule duk inda ba ya son tawada ta taɓa. In ya gama sai ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da cokali ko wani abu mai santsi, ko kuwa ya sa a injin matsi. Da ya ɗaga takarda sai ga hoto, amma a juye, dama ta koma hagu. Katako guda ya kan haifi hoto goma, ya kan haifi ɗari.

Ku riƙe abu biyu, gama a kansu labarin nan ya ke tsaye. Na fari, mai alƙalami ƙarawa ya ke yi, mai wuƙa kuwa ragewa. Na biyu, yankan wuƙa kamar magana ne, zarar bunu, abin da ka ɓantare ba ya komawa. Saboda haka katako ba ya jimrin yawan ƙawa. Dole mutum ya san abin da ya ke nufi tun bai sa wuƙa ba, ya zaɓi layukan da ba makawa sai da su, ya bar saura.

Tsohuwar Sana'a

Mutanen Sin su suka fara bugun katako. Littafin da ya fi tsufa cikin waɗanda aka buga ta wannan hanya da kwanan wata a jikinsu, na shekarar 868 ne, da hoto a farkonsa. Cikin wani kogo aka same shi a Dunhuang, yanzu yana ajiye a Landan. Turawa ba su kama sana'ar ba sai wajen 1400, bayan takarda ta fara samuwa a ƙasashensu. Gwanin gwanayensu shi ne Albrecht Dürer, mutumin Nuremberg a Jamus, wanda aka haifa cikin 1471, ya rasu cikin 1528. Cikin 1498 ya fitar da wani littafi mai manyan hotuna 15, sunansa ya game Turai. Amma a zamanin nan aikin a rabe ya ke. Mai zane ya zana, wani daban wanda sana'arsa ke nan ya sassaƙa, yana bin layi sawu da ƙafa, ba ya ƙara kome nasa.

Sannu a hankali manyan masu zane suka koma ga farantin tagulla, don ya fi fitar da siraran layuka. Katako ya zama baran jaridu da littattafai, ana kwafar hotunan waɗansu da shi. Da na'urar ɗaukar hoto ta yi ƙarfi wajen ƙarshen ƙarni na 19, wannan ɗan aikin ma ya soma kuɓuce masa.

Mutum biyu suka fara nuna cewa da sauran rai a jikinsa. Ɗaya Paul Gauguin ne, Bafaranshe, wanda ya tafi tsibirin Tahiti cikin 1891. Da ya komo gida cikin 1893 sai ya sassaƙa katako goma da hannunsa, bai damu da goge kaushin yankan ba. Ɗayan kuwa Edvard Munch ne, mutumin Norwe, ya fara cikin 1896. Shi ya kan bar jijiyoyin itacen su fito a takarda, su yi kama da ruwa ko iska. Har ya kan sa zarto ya yanka katakon gunduwa-gunduwa, ya shafa wa kowace gunduwa launinta, ya harhaɗa su ya buga gaba ɗaya.

Samari Huɗu A Dresden

Kafin ku gane abin da ya motsa samarin nan, sai kun san halin da ƙasarsu ta ke ciki. Cikin 1871 aka haɗa ƙasashen Jamus suka zama daula ɗaya, mutanenta wajen miliyan 41. Kafin 1910 sun kai wajen miliyan 65. Ma'aikatu suka yi yawa, mutanen ƙauye suka yi ta kwarara cikin birane. Barlin, wadda ba ta kai mutum miliyan ɗaya ba cikin 1871, ta wuce miliyan 2 cikin 1905. Dresden kanta ta wuce rabin miliyan. Wanda ubansa ya tashi yana duban rana don ya san lokaci, shi ya tashi yana jiran busar ma'aikata, yana kwana a ɗaki mai duhu, yana shaƙar hayaƙin gawayi.

Ran 7 ga watan Yuni, 1905, ɗalibai huɗu masu koyon fasalin gini a babbar makarantar sana'a ta Dresden suka kafa ƙungiya. Su ne Ernst Ludwig Kirchner, da Fritz Bleyl, da Erich Heckel, da Karl Schmidt-Rottluff. Manyansu ba su wuce shekara 25 ba, ƙaraminsu kuwa yana da 20. Suka sa mata suna Brücke, watau Gada da Jamusanci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka suka kama hayar wani tsohon shagon mahauci a unguwar leburori, suna aiki tare, kowa yana koyo daga ɗan'uwansa. Suna da wata al'ada, in za su zana mutum ba su kan bar shi ya wuce minti 15 a tsayuwa ɗaya ba, don hannu ya saba da kama abu da sauri, kada ya tsaya gyare-gyare.

Cikin 1906 suka bayyana manufarsu, Kirchner kuwa a katako ya sassaƙa ta, harafi bayan harafi. Abin da ta ƙunsa a taƙaice, suna kiran matasa su haɗu su nemi sarari daga hannun manyan da suka riga suka kafu, kuma duk wanda ya nuna abin da ke tura shi yin aiki kai tsaye, ba da algus ba, nasu ne. Daga baya aka sa wa irin wannan salo suna Ekspireshanizim, ma'anarsa fitar da abin da ke cikin zuciya. A shekarar nan Max Pechstein da Emil Nolde suka shigo, ko da ya ke Nolde bai daɗe ba, ya fita cikin 1907, haka Bleyl. Otto Mueller ya shigo cikin 1910.

Manyan gidajen nuni ba su kula da su ba da fari. Nunin da suka yi a Dresden cikin 1906 a ɗakin baje kolin wata ma'aikatar fitilu aka yi shi. Sai suka yi dabara. Duk mai son aikinsu ya biya kuɗi kaɗan a shekara ya zama ɗan ƙungiya, su kuwa su aika masa da kunshin hotuna bugaggu. Daga 1906 zuwa 1912 sun shirya kunshi 7. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Abin da ya raba su da mutanen zamanin Dürer shi ne, su da kansu su ke zanawa, su sassaƙa, su buga. In wuƙa ta zame ta bar tabo, su kan bar tabon, don a ga hannun mutum ne ya yi.

Tafkunan Moritzburg

Wajen mil 8 arewa da Dresden akwai wani wuri mai kurmi da tafkuna, sunansa Moritzburg, ana zuwa da wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa. Can suka riƙa tafiya da abokansu maza da mata lokacin zafi, cikin 1909 da 1910 da 1911. A zamanin nan wani ra'ayi ya yaɗu a Jamus, na masu cewa maganin cutar birni shi ne rana da iska da ruwa, har waɗansunsu su kan tuɓe su yi wanka a fili. Jamusawa da yawa sun ƙi abin, suna ganin rashin kunya ne, doka ma ba ta sake musu ba. Pechstein ya ba da labari cewa wata rana wani ɗan sanda ya rutsa su, aka kai magana gaban hukuma a Dresden, daga baya aka sallame su.

Me su ke nema a bakin tafki? A tsofaffin hotunan Turai da yawa, in an zana mutum a waje, shi ne a gaba da tufafinsa masu nuna muƙaminsa, daji kuwa yana baya kamar labule. Samarin nan so su ke su nuna mutum ba muƙami, ba sarauta, yana ɗaya daga cikin halittun wurin. Nan ne katako ya yi musu rana. Wuƙar da ta yanka reshe ita ta yanka hannu, da irin yanka guda. Ba ta iya fitar da ƙananan alamun fuska, saboda haka ba ka sanin wane ne, ɗan attajiri ko ɗan lebura, sai dai ka ce mutum.

Ku ɗauki misalin wani hoto na Kirchner na 1909, wanda aka sa cikin kunshin 1910, sunansa Masu Wanka Suna Jifa Da Kara. Launi uku ne kurum, baƙi da kore da ruwan goro. Jikin mutanen ruwan goro ne bai ɗaya, ba inuwa, hannuwansu a miƙe kamar karan da su ke jifa da shi. In ka dube shi daga nesa, kafin ka rarrabe mutum da ciyawa sai ka ɗan tsaya. Heckel kuma cikin 1912 ya buga wani mai suna Fararen Dawaki, inda mutane da dawaki da itatuwan da iska ke kaɗawa duk suka shiga motsi guda. Maganarsu ke nan, wai ɗan Adam da itace da dabba 'yan gida ɗaya ne, birni ne ya raba su.

Abin Da Ba Su Duba Ba

Amma ba a ba da labari rabi. Tafkunan nan da suka ɗauka kamar dajin farkon duniya, mutane ne suka haƙa su tun wajen ƙarni na 16, don kiwon kifi ga sarakunan Saxony, waɗanda ke da gidan farauta a wurin. Su kansu samarin baƙi ne, in zafi ya wuce su hau jirgi su koma birni. Abin da suka sassaƙa bege ne na ɗan birni, wanda bai taɓa dogara ga ruwan sama don abincinsa ba.

Akwai kuma bashin da ke wuyansu. A Dresden akwai gidan da a ke ajiye kayan al'ummai na nesa. Kirchner ya riƙa zuwa yana kwafa. Can ya ga waɗansu azara sassaƙaƙƙu na ɗakin taron maza daga tsibiran Palau, waɗanda Jamus ta saya daga Sifen cikin 1899. Jikinsu cike ya ke da 'yan mutane masu kusurwa-kusurwa, kamannin nan kuwa ya fito sarai cikin masu wankansa. Can kuma ya zana kayan tagulla na birnin Benin, irin waɗanda sojan Ingila suka kwashe cikin 1897, aka sayar da su a Turai. A ɗakinsa ma akwai wata kujera mai siffar damisa daga Kamaru, wadda ke hannun Jamus tun 1884. A zamanin nan har a kan kawo mutane daga ƙasashen da a ke mulka, a ajiye su a gidan namun daji ana biyan kuɗi a kalle su, masu zanen nan kuwa su kan je su zana su.

Sun yaba aikin masassaƙan nan da gaske, a lokacin da Turawa da yawa ke raina shi, wannan ba a hana musu. Amma sun ɗauka aikin mutanen da ba su da tarihi ne, waɗanda ke zaune kamar yara a cikin daji. Alhali kuwa maƙeran Benin ƙungiya ce ta fada, mai shugabanni da ƙa'idodi, ɗa yana gādo daga uba ƙarni bayan ƙarni. Sunayen samarin Dresden duk ga su mun lissafa muku, na masassaƙan da suka koya daga wurinsu kuwa mafi yawa ba wanda ya rubuta. Cikin 2022 gwamnatin Jamus ta sa hannu a kan yarjejeniya da Nijeriya, ta mayar da mallakar kayan Benin fiye da 1,000.

Rabuwa Da Yaƙi

Cikin 1911 suka ƙaura zuwa Barlin. Harshe da haƙori ma su kan saɓa, balle mutane masu zafin kai. Aka fitar da Pechstein cikin 1912. Cikin 1913 Kirchner ya rubuta tarihin ƙungiyar, sauran suka ga ya ja bargo wajensa, ƙungiya ta watse cikin watan Mayu. Pechstein ya tafi Palau da kansa cikin 1914 neman aljannar da ya gani a azara, bai yi 'yan watanni ba yaƙi ya tashi, Japanawa suka kama tsibiran, suka fitar da shi.

Yaƙin Duniya na Farko ya sāke hoton mutum cikin halitta. Heckel ya yi aikin jinyar sojan da aka raunata a Beljiyam. Cikin 1917 ya sassaƙa Mutum A Fili. Kan mutum ɗaya ne, mai babban goshi, idanu a zurme, bayansa fili fetal, sama duk ta tsattsage da yankan wuƙa kamar za ta faɗo masa. Ba abokai, ba wasa. Wuƙar da dā ta haɗa mutum da ciyawa, yanzu ta nuna shi shi kaɗai, duniya ta juya masa baya.

Kirchner ya shiga soja cikin 1915, amma 'yan watanni kaɗan hankalinsa da jikinsa suka gaza, aka sallame shi. Cikin 1917 aka kai shi Davos, cikin duwatsun Suwizalan. Can ya zauna a wata bukka a Stafelalp tsakanin makiyaya, waɗanda ke hawa dutse da shanu lokacin zafi, su sauko kafin ƙanƙara. Ya sassaƙa fuskokinsu, da tamoji kamar tsagar dutse, da shanunsu a bayansu. A nan ne ya sadu da abin da ya nema a Moritzburg, mutanen da ƙasa ta ke ci da su da gaske. Ya kuwa same su cikin tufafin aiki, suna fama. Duk rayuwarsa ya sassaƙa hoton katako kusan 1,000.

Zamanin Hitila

Bayan yaƙi gidajen nuni na Jamus suka yi ta sayen aikinsu. Amma cikin 1933 Hitila ya hau mulki, shi kuwa hoton da ya ke so shi ne na ƙaƙƙarfan Bajamushe mai santsin jiki, wanda za a kalla a yi marmarin yaƙi. Mutanensa suka ce aikin 'yan Gada ruɓaɓɓe ne, suka zage su da cewa suna kwaikwayon baƙar fata. Cikin 1937 aka bi gidajen nuni ana kwashe ayyuka, jimlarsu ta wuce 16,000. Na Kirchner 639, na Heckel fiye da 700, na Schmidt-Rottluff fiye da 600. Nolde, wanda shi kansa ɗan jam'iyyar Hitila ne mai ƙin Yahudawa, bai tsira ba, nasa aka fi kwasa, fiye da 1,000. Ran 19 ga watan Yuli, 1937, aka buɗe wani nuni a Munich don a yi musu ba'a, aka rataye aiki wajen 650 a cunkushe, da rubutun zagi a bango. Mutum fiye da miliyan 2 suka je kallo. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, daula mai jiragen yaƙi ga ta tana faɗa da takarda da tawada.

Cikin Maris 1938 Jamus ta haɗiye Ostiriya, wadda iyakarta ba ta da nisa da Davos. Tsoro ya kama Kirchner, ya lalata katakan bugunsa da waɗansu sassaƙe-sassaƙensa. Ran 15 ga watan Yuni, 1938, aka same shi kusa da gidansa ya mutu da harbin bindiga, aka rubuta cewa shi ya kashe kansa. Cikin 1941 aka hana Schmidt-Rottluff zane ɗungum. Cikin 1944 bom ya faɗa wa ɗakin aikin Heckel a Barlin, katakansa suka ƙone.

Abin Da Ya Rage

Kun tuna kunshin hotunan da mu ka ce ku riƙe? To, ga amfaninsa. Hoton fenti guda ɗaya ne, in an ƙone shi ya tafi ke nan. Hoton katako kuwa yana da 'yan'uwa, sun watsu a gidajen mutane, takarda ce a kan naɗe ta a ɓoye a ƙarƙashin kaya. Akwai wata malama Bayahudiya a Hamburg, Rosa Schapire, wadda ta shiga ƙungiyar cikin 1907. Cikin 1939 ta gudu zuwa Landan da abin da ta iya fitarwa na aikin Schmidt-Rottluff, wani sashensa kuwa ya ƙare a gidajen nuni na Ingila. Ta hannun irinta ne da yawa suka tsira. Schmidt-Rottluff da Heckel sun yi tsawon rai har suka ga an buɗe gidan nuni da sunan Gada a Barlin cikin 1967, da kyautar ayyukan da su da kansu suka bayar. Heckel ya rasu cikin 1970, Schmidt-Rottluff cikin 1976.

To, 'yan makaranta, in wata rana kun ga ɗaya daga cikin hotunan nan a littafi, kada ku yi saurin cewa mai shi bai iya zane ba don kun ga hannu ya yi tsawo ko fuska ta karkace. Mutanen da suka koyi fasalin gini sun san awo sarai, da gangan suka bar shi. Ku bi sawun wuƙar da ido, ku ga abin da ya cire da abin da ya bari. Sa'an nan ku tambayi kanku, wannan mutumin da ke tsaye a bakin ruwa, mazaunin wurin ne ko baƙo? Kuma wannan hannu mai kusurwa, daga wurin wane masassaƙi aka aro shi? Wanda ya iya yi wa hoto irin waɗannan tambayoyi, ya fara karanta shi kamar yadda a ke karanta littafin tarihi.